Na'ura ta Tara Tana Lamaji

Ranar Litinin da ta wuce, wata yarinya cikin masu zuwa istaj, wato koyon aiki, a shagon maganinmu ta tsaya tana kallona ina gwada wa wani dattijo sukari. Da ya fita sai ta ce, "Iya Ladi, wannan ne duk aikin? A soka yatsa a karanta lamba?" Na ce mata haka ne, ta miƙo mini auduga. Ban yi mata musu ba, don ba a gama irin wannan magana a tsaye. Shi ya sa na zauna na rubuta muku, ita da 'yan'uwanta, da hannun wadda ta fara riƙe biro bayan ta haifi 'ya'ya huɗu. Inda rubutun ya karkace, ku miƙar da shi da kanku.

Da tsintsiya na shiga wannan shago na unguwar Mursal. Mai shagon, Dakta Isa, ya ɗauke ni shara da goge kanta. A kusurwa akwai tebur da kujera biyu, nan Madam Selestin take zama tana gwada wa mutane sukari. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce 'yar kudu, ta gama aikinta a labtan, wato babban asibiti, ta ƙi zaman gida. Da Larabci muke magana, sai in ta so tsokanata ta ce, "Sannu Bahausa." A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar. Baƙaƙe ba su ba ni wahala ba, lambobi ne suka ƙi zama a hannuna. Da ta lura, sai ta sayo mini kaye, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango, ta ce duk na'urar gwajin sukari da aka sayar in kife ta, in kwafe doguwar lambar da ke manne a gindinta, in rubuta sunan mai saye da unguwarsa. Babu wanda ya ce a yi haka, babu wanda yake dubawa. Don hannuna ya faɗa ne kawai. Hannun ya faɗa, ni kuma na kasa dainawa.

Wata takwas ina wanke hannun mutane da riƙe auduga kafin ta bari in taɓa allura. Ranar da ta yarda, yatsanta ta miƙo mini. Na soka a tsakiya, inda nama ya fi laushi, ta ja hannu ta ce, "Yanzu da wane yatsa zan tsinci shinkafa? A gefe ake sokawa, Ladi. Tsakiyar ta mai yatsa ce."

Kayan aikin ba su da yawa, duk za su shiga jakar hannu. Akwai na'urar, wadda mutanenmu ke kira aparai. Akwai 'yan siraran takardun da ake ɗiga jini a kansu, bandalet. Akwai allura, auduga, da 'yar kwalbar ruwan gwaji da ake ɗigawa a maimakon jini don a ga ko na'urar tana faɗin gaskiya. Cikinsu bandalet ce mai rigima. Ba ta son zafi, ba ta son laima, mu kuwa garinmu kun san shi: a watan bazara ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da azahar. Wani direban babbar mota ya taɓa zuwa yana faɗa, wai na'urarmu ta haukace. Na tambaye shi inda yake ajiye gwangwanin bandalet, ya ce a gaban mota, ƙarƙashin gilashi, don kada ya manta. Tun daga nan duk wanda ya saya sai na ce masa ya ajiye a ɗaki, a inuwa, ya rufe murfin da zarar ya zari guda. Mata kuma sai na roƙe su kada su juye ta cikin kwalbar humra don ta fi kyau.

Na tuna wata mai sayar da dabino da ta zo tana kuka, an gwada mata a wani wuri an ce ɗari uku da wani abu, ta riga ta fara raba wa 'ya'yanta wasiyya. Na kalli hannunta. Na kawo buta da sabulu na wanke mata, na goge ya bushe sarai, na sake gwadawa. Ɗari da goma. Zaƙin dabinon da ke yatsunta aka auna mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce to tukunyar da ta ba wa babbar 'yarta sai ta dawo.

Mahauta su ne masu wuyar yatsa. Fatar hannunsu kamar ƙirgi, allura sai ta lanƙwashe. Ba a matsa yatsan da ƙarfi kamar ana tatsar saniya, don ruwan jiki yana gauraya da jinin ya ɓata lamba. Ana sa mutum ya sauke hannu ƙasa ya girgiza, a murza daga tafi zuwa sama a hankali, a zaɓi gefen ƙaramin yatsa. Akwai wani Sarkin Fawa, mutumin da yake kayar da bijimi, in ya ga allurata sai ya juya fuska ya kama salati. Ban taɓa yi masa dariya a gabansa ba.

Abin da ba a koya muku a makaranta shi ne, a wurinmu na'ura ba ta mutum ɗaya ba ce. Kamar turmi take ko babbar tukunyar biki. In gida ɗaya ya saya, layin duka ya samu. Ana aro, ana kai wa mara lafiya dubiya da ita, ana ba da ita tsaraba. Ina hana su haɗa allura, wannan kam ba na sassautawa, amma aron na'ura ban iya hanawa ba. Ku riƙe wannan, don shi ne ya wahalar da ni a shekarar da nake so in ba ku labari.

A shekarar Madam ta riga ta koma garinsu, teburin ya zama nawa. Saura kwana goma azumi, takarda ta zo daga dilan da ke kawo mana kaya. Dakta Isa ya karanta da Faransanci, ya cire tabarau, ya sake karantawa. Kamfanin da ke ƙera wata na'ura da muke sayarwa ya gano cewa wani rukuni nata yana da matsala: tana nuna lamba sama da abin da ke cikin jini. An ba da lambobin rukunin, an ce a daina amfani da su nan take, a mayar a karɓi wasu.

Ku da kuka yi karatu kun san abin da wannan ke nufi, amma bari in faɗa yadda nake faɗa wa tsofaffi. Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin, in sukarinsa ya faɗi ƙasa sosai, zai iya sumewa, wani ba ya tashi. Na'urar ce mai gaya masa ya yi maza ya sha zaƙi. To ga na'ura tana ce masa lafiya lau alhali yana gangarawa. Ga azumi yana tafe, mutane za su wuni babu ci, suna dogara da ita.

Dakta ya ce, "Za mu manna sanarwa a ƙofa." Na ce masa yawancin masu sayen ba sa karanta Faransanci, wasu kuma sai bayan wata uku suke leƙowa. Na ɗauko kayena, wanda a lokacin ya zama na shida, muka zauna yana karanto lambobin takarda ina bin layi da yatsa. Guda tara muka sayar daga wannan rukuni. Ya dube ni ya dubi kayen, ya ce, "Ki ajiye teburin. Ki shiga gari."

Huɗu na samu a rana ɗaya, duk cikin Mursal. Ta biyar, mai ita ya ba wa ƙaninsa, ƙanin ya ba wa limamin masallacinsu, na same ta a aljihun liman. Ta shida ta tafi unguwar Tukra gidan wata mai jego da sukarinta ya tashi lokacin ciki. Na hau kar, wato 'yar bas ta haya, har inda ta tsaya, na hau kilando, babur ɗin haya, na ƙarasa da ƙafa ta cikin gonakin ganye, na tarar an ba wa maƙwabciya aro, maƙwabciyar ta tafi suna da ita a jaka. Na zauna a tabarma na jira ta har la'asar. Ba a fushi a wannan aiki. Wanda kika je karɓar abu a hannunsa bai yi miki laifi ba, shi aka yi wa. Ta bakwai da ta takwas masu su suka kawo da kansu da labari ya zaga. Wani ya zage mu tas, ya ce mun sayar masa da mutuwa a kwali. Na ba shi kujera da ruwa, na bar shi ya gama.

Saura kwana uku azumi, ta tara ba ta dawo ba. Sunan da ke kayena Alhaji Sabo ne, dillalin shanu. Na same shi a rumfarsa da hantsi yana shan shayi. Da na gama bayani sai ya ajiye kofin a hankali.

"Iya Ladi, ba ta hannuna. Surukata na saya wa, Hajiya Gambo, a Lamaji."

"Allura take yi?"

"Safe da yamma."

"To Alhaji, yau za a karɓo ta."

Ya share fuska da tafin hannu. "Ke ma kin sani. Ni da ko ido ba na haɗawa da ita, daga zaure nake gaisuwa in juya. In aika in ce abin da na ba ta a dawo da shi? In ce kyautata ce take cutar da ita? Da wane baki? Ki bari bayan salla in sayo wata, in ce sabon yayi ne aka kawo."

Na ce masa bayan salla akwai kwana talatin a tsakani. Na tambaye shi ina matarsa, ya ce ta tafi ƙauye biki sai jajibirin salla. Daga ƙarshe ya kwatanta mini gidan. Da na miƙe ya biyo ni har bakin hanya ya rage murya. "Don girman Allah, kada ta ji cewa na sani. Ki ce daga shago ne, ba ku same ni ba."

Lamaji a lokacin gidaje suna tashi ne a tsakiyar gonaki, babu layi babu lamba. Sai da na ce gidan marigayi mahauci kafin aka nuna mini. Na yi sallama wajen ƙarfe sha ɗaya. Hajiya Gambo tana zaune a kan darduma a inuwar darbejiya, doguwar tsohuwa mai tsaga a kumatu, da wasu mata biyu tsararta. A gefenta ga 'yar jaka da aka ɗinka da ƙyallen shadda, har da zare mai ruwan gwal a baki. Ban tambaya ba na san abin da ke ciki.

Muka gaisa, aka kawo ruwa. Na faɗi daga inda nake. Ta ce, "Af, ku ne masu aparai! Allah ya yi muku albarka. Tunda mijin 'yata ya kawo mini ita ban ƙara taka labtan ba. Ga Ta-Annabi, ga Uwani, kullum nan suke aunawa." Ba ta faɗi sunansa ba, kun san yadda ake yi.

Na tambayi jiki. Ta ce lafiya, sai dai 'yan makonnin nan da hantsi takan ji gumi da rawar jiki, idanunta su yi duhu. "Ina dubawa sai in ga ɗari da ɗan wani abu. Na ce to ba sukari ba ne, tsufa ne. Bana kam zan yi azumina cif, bara likita ya hana ni."

Uwani ta ce, "Mun ce mata ko iska ce, a nemo hayaƙi."

"Iskar gidanku," in ji Hajiya. "Ni iska tsorona take ji."

Na yi musu bayanin takardar a hankali, sau biyu. Hajiya ta jawo jakar ta ɗora a cinya ta dafe da hannu biyu.

"Yarinya, abin da suruki ya ɗauko da kuɗinsa ya aiko da shi cikin mutunci, shi za ki zo ki ce mini maƙaryaci ne? Gobe a ji a gari an ce kyautarsa ta lalace? Sha ruwanki."

Na sha ruwana. Ina kallon hannun da ta dafe jakar da shi, yana ɗan karkarwa, ga gumi a saman leɓenta alhali muna inuwa. Na tambaya ko ta yi allurar safe, ta ce ta yi. Me ta ci? Ta ce rabin kofin kunu, tana saba wa cikinta da azumi.

Na ce, "Hajiya, ba zan taɓa jakarki ba. Alfarma ɗaya nake roƙo. Yatsa ɗaya, suka ɗaya. Ɗigo ɗaya a taki, ɗigo ɗaya a tawa."

Ta-Annabi ta ce, "Ba ta mana, Gambo, ko tsoro kike ji?" Wannan ce ta sa ta miƙo hannu. Na wanke, na goge, na soka. Ita ta saka bandalet a tata da kanta. Muka jera su biyu a kan darduma, kawuna huɗu a sunkuye. Tata ta ce ɗari da biyu. Tawa ta ce hamsin da takwas.

"To," in ji Hajiya, "ɗaya ta yi ƙarya. Wa ya ce ba taki ba ce?"

Tambaya ce mai kyau, kuma ina da ruwan gwaji a jaka da zai raba gardamar. Amma hamsin da takwas ba ta jiran gardama. Na ce wa Uwani ta dama sukari cokali uku a rabin kofin ruwa, maza. Na ce, "Hajiya, shaidu biyu sun saɓa, sai a kira na uku. In taki ce mai gaskiya, wannan ruwan ba zai canza miki komai ba. In tawa ce, kafin a yi kiran azahar rawar hannun nan za ta tsaya."

Ta karɓa ta shanye tana hararata. Muka zauna. Ta-Annabi ta shiga labarin tsadar gero don ta cike shirun. Bayan kamar minti goma sha biyar Hajiya ta ɗaga hannunta ta riƙe shi a gaban fuskarta, ta juya shi, ta sake juyawa. Tsit yake. Ta goge leɓenta. Na sake gwadawa da tawa, tamanin da tara. Na sa aka zubo mata abinci. Sai a lokacin na ɗiga ruwan gwaji a kowacce, na nuna musu iyakar da aka rubuta a jikin gwangwani. Tawa ta faɗa ciki, tata ta yi sama.

Hajiya ta dubi na'urarta. Can ta ce, "Malam maigidana, Allah ya jiƙansa, ya taɓa sayen sikeli a hannun amininsa. Mako biyu yana auna wa mutane nama, ashe yana tauye su bai sani ba. Ranar da ya gane, ya daina awo da shi, amma bai gaya wa aminin ba." Ta kwance zaren jakar, ta zaro na'urar, ta miƙo mini. Jakar kuwa ta mayar cinyarta.

"Akwai irinta sak? Launi ɗaya, girma ɗaya?"

Na ce akwai, daga rukuni mai kyau, gobe da safe zan kawo da kaina. Yau in bar mata tawa.

Ta juya ga ƙawayenta. "Ku biyu, in na ji wannan magana a bakin rijiya na san inda ta fito." Sannan ta kamo gefen mayafina ta jawo ni kusa. "Ke kuma, kada mijin 'yata ya ji. Yaron nan da zuciya ɗaya ya saya. In ya ji abinsa ya kusa kai ni lahira, ba zai ƙara iya tako ƙofar gidan nan ba."

Na ce mata daga bakina ba zai ji ba.

Washegari na kawo sabuwar, na kwafe lambarta, ta zura ta cikin jakar shadda ta ɗaure. Daga nan na ce sai labtan, domin rage allura da maganar azumi ba aikin mai tebur ba ne, kuma ku ma kada ku taɓa ɗaukar wa kanku wannan. Muka tafi mu huɗu a tasi, har da Ta-Annabi da Uwani, tunda su ma da ita suka yi ta aunawa. Likita ya gyara wa Hajiya allura, ya ce bana ma ta ciyar. Ta yi masa tsiya son ranta, ta ce sa'an jikanta ne, ba zai hana ta ibada ba, sannan ta bi maganarsa. Guda tara muka sayar, guda tara Dakta Isa ya ƙirga cikin kwali ya mayar, babu wanda aka ɗauka ranga-ranga a kan na'urar da ta fita daga shagonmu.

Yau Hajiya Gambo da Alhaji Sabo duk sun rigaye mu gidan gaskiya, shi ya sa na iya rubutawa. Kwana biyu bayan sallar nan na koma Lamaji kai mata bandalet. Ina zaune sai muka ji sallama daga zaure, Alhaji Sabo ne ya zo barka da salla. Bai shigo ba, ya durƙusa daga can yana gaisuwa, kansa a ƙasa. Hajiya ta ja mayafi ta juya gefe, ta ɗaga murya kamar da ni take magana.

"Ladi, ki gaya wa baƙon nan abin da ya aiko mini yana nan yana aiki. Ko sau ɗaya bai taɓa ba ni matsala ba."

Daga zaure Alhaji ya ce, "Alhamdu lillahi. Iya Ladi, ki ce mata ai da ma mai kyau na zaɓa."

Na isar wa kowa saƙonsa, yadda aka ba ni.